Dogari A Kan Ƙanƙara: Abin Da Na Koya Daga Rayuwar Gino Odjick

A ƙarshen watan Yunin 2014, lokacin da nake zaman karatu a birnin Vancouver na ƙasar Kanada, na bi ta gaban babban asibitin garin sai na tarar da ɗaruruwan mutane sun taru suna kiran suna ɗaya da ƙarfi: Gino. Wasu na kaɗa ganguna irin na ƙabilun asalin ƙasar, wasu na share hawaye. Na tambayi wani dattijo ko wane shugaba ne yake jinya, sai ya ce mini tsohon ɗan wasan hokin ƙanƙara ne, wanda aikinsa a fili shi ne faɗa. Na wuce ina mamaki, har da ɗan raini a zuciyata: yaya mutanen da suke kiran kansu wayayyu za su yi wa ɗan daba kuka? Na daɗe kafin na gane cewa ni ne ban fahimci lamarin ba.

Ga wanda bai san wasan ba, ana yin sa ne a kan daskararriyar ƙanƙara, mutum shida a kowane ɓangare, da takalma masu ƙarfe a ƙasa da sanduna masu lanƙwasa, ana korar wani ɗan faifan roba zuwa raga. A babbar gasar Amurka da Kanada, wato NHL, idan mutum biyu suka yar da safar hannu suka dambace, yawanci ba a korarsu daga wasan. Zaman horo na minti biyar ake ba su, su dawo. Wannan sassauci ne ya haifar da wata sana'a: a da, kowace ƙungiya takan ajiye ƙato guda wanda zai rama wa gwanayenta idan an taɓa su. Ni dai dogari nake kiransa, domin aikinsa shi ne tsare martabar wani da jikinsa.

An haifi Gino Odjick a 1970 a yankin Maniwaki na lardin Quebec, ɗan ƙabilar Algonquin daga matsugunin Kitigan Zibi. Ƙungiyar Vancouver Canucks ta ɗauke shi a 1990, kuma tun a wasansa na farko ya gwabza da ƙattan ƙungiyar Chicago guda biyu. Kafin ya bar wasa a 2002 ya buga wasanni 605, ya ci ƙwallo 64 kacal, amma ya tara minti 2,567 na horo. Idan aka lissafa, kusan sa'o'i 43 ke nan yana zaune a keɓe saboda faɗa da sauran laifuffukan wasa. A gefensa kuwa akwai Pavel Bure, ɗan Rasha mai saurin tsiya, wanda ya ci ƙwallo 60 a kaka biyu a jere. Bure ya samu sararin taka rawarsa ne saboda kowa ya san wanda zai fuskanta idan ya taɓa shi. Su biyun sun zama aminai, baƙi biyu a garin da ba nasu ba. Duk da haka, karin maganar nan tamu ba ta daina faɗo mini ba: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya fara sauya tunanina shi ne lambar da ke bayan rigarsa, 29. Lambar da aka bai wa mahaifinsa ce a makarantar kwana ta dole. Fiye da shekara ɗari gwamnatin Kanada da majami'u suna raba yaran 'yan asalin ƙasa da iyayensu, suna hana su harshensu da al'adarsu. Yara kimanin 150,000 ne suka bi ta waɗannan makarantu, da yawa kuma ba su koma gida ba. Yaron da aka mayar da shi lamba ya haifi ɗan da ya ɗauki wannan lamba ya sa dubban mutane suna yi mata tafi. Daga nan na daina yi wa Odjick kallon mai son rigima. Na fara ganin matashi daga al'ummar da aka rufe wa ƙofofi da dama, wanda ya samu ƙofa ɗaya a buɗe ya shiga, ko da yake kuɗin shigar lafiyarsa ce.

Ya kuwa biya. Bayan ya yi ritaya ya fito fili ya bayyana yadda bugun da kansa ya sha ya bar shi da larurar ƙwaƙwalwa, har ta kai shi kwanciya asibiti. Ba shi kaɗai ba ne. A cikin 'yan watanni a 2011, 'yan wasa uku masu irin wannan aiki, Derek Boogaard da Rick Rypien da Wade Belak, suka mutu da ƙuruciyarsu, kuma binciken ƙwaƙwalwar Boogaard ya nuna lalacewar da yawan bugun kai ke jawowa. Taron da na gani a 2014 kuwa ya biyo bayan wasiƙar da Odjick ya rubuta yana sanar da masoyansa cewa ya kamu da wata cuta mai wuyar samu da ta kama zuciyarsa, likitoci kuma sun ce kwanakinsa ƙidayayyu ne. Allah bai nufa ba a lokacin, ya ƙara shekaru fiye da takwas, ya rasu ranar 15 ga Janairun 2023 yana da shekara 52.

A matsayina na malami, abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda ya yi amfani da sunan da ya samu. Ya riƙa zagaya matsugunan 'yan asalin ƙasa yana yi wa yara nasiha su riƙe karatu. Mutumin da dunƙulen hannu ya ɗaukaka, shi ne yake nuna wa yaran ƙabilarsa alƙalami. Ya san farashin hanyar da ya bi fiye da duk masu yi masa tafi.

Tun da na dawo gida nakan tuna da shi duk lokacin da kakar zaɓe ta kama, na ga samarin da ake ɗauka su tsare wani babba da ƙirjinsu. Ba na cewa lamarin ɗaya ne, domin Odjick sana'a ya yi mai doka da albashi, bai kuma far wa wanda bai shigo fili ba. Amma tambayar da ke ƙasa iri ɗaya ce: ɗan wa ake turawa gaba ya sha bugu, wa kuma yake tsayawa a baya ya kwashi riba? Nakan yi saurin zagin yaron da ke riƙe da gora, kamar yadda na yi saurin raina Gino a bakin asibiti, na manta da wanda ya ɗauke shi aiki, da mu da muka bar shi ba shi da wata hanyar da ta fi wannan.

Da zan sake wucewa ta gaban asibitin nan, zan tsaya tare da mutanen. Sai dai bayan an gama kiran sunansa, zan so mu tambayi kanmu ko ya dace a ce sai yaro ya sadaukar da ƙwaƙwalwarsa kafin mu san da zamansa.