Hawan Mambila a Zamanin Land Rover

A watan Fabrairun 1961 ne mutanen Arewacin Kamaru da ke hannun Ingila suka jefa ƙuri'a suka zaɓi zama cikin Nijeriya, aka raɗa wa yankin suna Lardin Sardauna. Tsaunin Mambila na cikinsa. Amma takarda ba ta kai gishiri kasuwa. Tun kafin zuwan Jamusawa fuskar mutanen tsaunin tana kallon Banyo ne, can suke da hulɗa, domin ta ɓangaren Nijeriya dutse ne ya tokare. A ganina hanyar da ta taso daga Serti, ta bi ta Mayo Selbe ta haye sama, ita ce ta ƙarasa aikin da ƙuri'a ta fara.

Kafin a zuba mata kwalta, Land Rover ce sarauniyar wannan hanya. A Mayo Selbe, gindin dutsen, ake tsayawa a yi salla, a ci abinci, direba ya duba birki ya cika lagireto da ruwa. Daga nan sai giya ɗaya. Yaron mota ba ya zama, yana maƙale a baya da weji a hannu, da zarar inji ya shaƙe sai ya diro ya cusa shi ƙarƙashin taya kafin mota ta fara ja da baya. Hawan Biyu da Sisi, Kwanar Drum, Tungar Ahmadu, kowane direba ya san su kamar yadda ya san 'ya'yansa, kuma a kowace kwana za ka ji mota ta yi tsit, sai salati. Da damina kuwa, in taɓo ya riƙe taya, babu alhaji babu malam, kowa ya naɗe wando ya sa kafaɗa. Mutanen da ba su san juna ba da safe, kafin la'asar sun raba goro ɗaya.

Ladan wahalar yana sama. Kana isa Maisamari iska ta canza, gumin Serti ya bushe, ka shiga laluben rigar sanyi. Tuddai ne shimfiɗe da ciyawa iya ganinka, tsayinsu daga matakin teku ya kai kimanin mita 1,600, shanun Fulani sun bazu a kansu cikin ƙoshi saboda tsando ba ya rayuwa a wannan sanyi. Ka wuce Nguroje, ga gonakin shayi na Kakara a yankin, sannan Gembu da kogin Donga a ƙasanta. Tafiyar hawainiya ce ta sa mutum ke ganin duk wannan da kyau.

Ba na kewar taɓon, wanda ya taɓa ɗauko mai naƙuda a wancan zamani ba zai yi kewarsa ba. Kwalta ta sauko da shayi da dankali da shanu, ta hau da magani da malamai. Abin da ke damuna shi ne hanyar guda ce tak mai kwalta daga Jalingo zuwa Gembu, kuma ruwan sama yana cin gefenta kowace shekara. Tun 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Taraba ake tallar Mambila ga masu yawon buɗe ido, amma duk ranar da ƙasa ta zaftare a hawan, Ƙaramar Hukumar Sardauna ce gaba ɗaya ke zaman jiran a share hanya.