Ja Da Fari Da Rawaya

Jama'a, duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na yankin Managil ya san kayan Jidda. Ɗan'uwa ya tafi neman kuɗi, bayan 'yan shekaru sai ga shi da kwalaye. Namu Yayan, wajen ƙarshen shekarun 1990, bidiyo ya kawo da talabijin, da wani baƙin akwati mai nauyi da ya kira amfilifaya, da lasifika biyu masu tsawon yaro. Gumin shekara uku ke nan jibge a tsakar gida. Takardar bayani kuwa ta ɓace tsakanin Jidda da Sawakin, shi ma kuma bai taɓa haɗa su da hannunsa ba.

Har mun tayar da janareta, sai wani dattijo mai gyaran rediyo ya ce, "Samari, ku dakata." Ya juya akwatin, ya nuna mana wani ɗan maɓalli a baya. A kan 110 yake, domin a lokacin gidaje da yawa a Jidda irin wutarsu ke nan, tamu kuwa ninki biyu ce. Da mun jona haka, da hayaƙi kawai za mu kalla. Yaya ya yi zaune a kan angarib, ya daɗe bai ce uffan ba.

To, saura wayoyi. Uku ne a manne, mai kan rawaya ta hoto ce, ja da fari na sauti, ja dama, fari hagu. Dattijon ya ce mu tuna da ruwan hawasha, wato gonar auduga: daga babbar kwata yake fita ya shiga gona, ba ya komawa baya. Sauti ma daga ramin fita na bidiyo zai tashi ya faɗa ramin shiga na amfilifaya. Rawaya muka kai wa talabijin kai tsaye, hoto ya fito tas. Ja da fari kuwa, saboda garaje, muka cusa su a ramukan farko da muka gani. Ashe na garmaho ne, waɗanda aka yi domin su kumbura 'yar siririyar muryar allura. Ai kuwa ana kunnawa sai wata irin ƙara ta tashi, kaji suka watse, Inna ta fito da salati. Muka matsar da su ramukan gaba, murya ta daidaita.

Kaset ɗin na wasan Kano ne, irin waɗanda suka bazu bayan Turmin Danya na 1990. Mu samari hoto muke ta zuba wa ido. Kakarmu kuwa idonta ya riga ya yi rauni. A nan aka haife ta. Mahaifinta yana yaro ya zo da ƙafa cikin ayarin da ya yo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, irin mutanen da suka kafa Mai Wurno. Ƙasar Hausa ba ta taɓa ganinta ba. Ta ce, "'Ya'yan nan, ku kawo mini bakin abin kusa." Muka ja lasifika ɗaya har gefen tabarmarta.

Ta yi ta dariyar yadda suke cewa lantarki alhali mu kahraba muka sani. Amma da aka zo inda suruki ke gaida surukinsa, doguwar gaisuwa har da tambayar gajiya da iyali, sai ta yi tsit. Can ta ce rabonta da jin an yi ta haka tun rasuwar mahaifinta. Sau huɗu muka mayar da kaset baya a daren nan.

Bidiyon ya daɗe da mutuwa, Kaka ma ta riga mu gidan gaskiya. Akwatin dai yana nan. Da yaƙi ya ci Wad Madani a Disambar 2023, 'yan'uwa suka cika mana gida, yaransu suka zaƙulo shi daga ɗaki. Wata 'yar waya suka samo, kai ɗaya ya shiga wayar hannu, ɗaya ɓangaren ja da fari. Muka ce su dai kauce wa ramukan farko.