Fatar akuya bisa taya

Yau maganar takalmi zan yi muku. Kada ku ce malamin yaƙi da jahilci ya rasa abin faɗi. Ku bari in kai ƙarshe.

Shekara 6 ke nan ina karantar da manya a wani gari na jihar Maraɗi. Muna haɗuwa bayan sallar isha'i, cikin rumfa. Cikin ɗalibaina akwai wani dattijo baduku, ɗan baduku, jikan baduku. Ina ce mishi Baba, shi kuwa shina ce mini Mushe, ko da yake ya isa ya haife ni. Hannun da ke sarrafa basilla ko cikin duhu, in ya riƙe alli sai ya kama rawa.

Sana'arshi ta yi sanyi. Takalman roba sun cika kasuwa, ga arha, ga launi. Ɗanshi ya ce ba za shi gaji basilla ba, kabu-kabu shike so. Wani dare Baba ya zo da ƙunshi, ya kwance gabana. Takalmi ne. Samanshi jar fatar akuya da ado irin na ranar salla, ƙasanshi kuwa tayar mota. Aji ya fashe da dariya. Wani ya ce an naɗa wa jaki rawani. Ni ma na yi murmushi, kuma har yau ina jin kunyar murmushin nan. A makarantar horon malamai an koya mana kada mu rena abin da babba ya zo da shi daga gida. Na rubuta wannan cikin kaye, na ci jarabawa da shi, amma daren nan na mance.

Kun san dalilin dariyar. Takalmin taya na makiyayi ne da manomi da mai turin kura. Ƙaya ba ta huda shi, tsidau ba shi huda shi, amma ga nauyi, kuma da rana tsaka shina ƙona tafin ƙafa. Takalmin fata kuwa na zuwa biki ne. Fatar jar akuyar Maraɗi da Sakkwato ta yi suna tun zamanin fatake. Ana ƙetare hamada da ita, Turawa su saye ta a arewacin Afirka, har suka riƙa kiranta fatar Maroko. Sai dai ƙasan irin wannan takalmi ba shi jure doguwar tafiya. Kowane da mutanenshi. Baba ya haɗa su aure, ƴan uwanshi dukawa suka ce ya zubar da girman sana'ar ubanshi.

Wanshekare na tafi rumfarshi don in wanke laifina. A nan na ga abin ba wasa ba ne. Tayar yanzu da waya cikinta, tana cin wuƙa, sai ya nemi tsohuwar taya mai zare. Ya fere ta har ta yi siriri don nauyi ya ragu. Da farko ya manna fatar da gam, rana ta ɓamɓare ta cikin kwana 3. Ya koma ɗinki, ƙasa ta cinye zaren. Sannan ya yi dabara: ya tsaga ƴar hanya kewaye da tayar, ya binne ɗinkin ciki, yadda zare ba ya taɓa ƙasa. Tsakanin taya da ƙafa ya shimfiɗa fata biyu saboda zafi. Sau 4 ya ɓata kafin ya dace. Fatar kuwa aikin majema ce, da bagaruwa, jan launin na karan dafi.

Bayan wata biyu muka yi taron ƙara wa juna sani a Yamai. Na ba wani abokin aiki labarin, sai ya buɗe wayarshi ya gwada mini hotunan takalman wani mutumin Italiya, Salvatore Ferragamo. An haife shi a 1898, ya ɗinka takalminshi na farko shina ɗan shekara 9. Ya tafi Amurka ya yi wa ƴan wasan silima takalma, ya komo birnin Florence a 1927. A 1935 Italiya ta kai wa Habasha yaƙi, sauran ƙasashe suka sa mata takunkumi. Ƙarfe mai kyau da ake sawa cikin takalmi mai tsini don ya ɗauki nauyin mutum ya yi wuya. Ferragamo bai rufe shago ba. Ya ɗauko ɓawon itacen nan da ake toshe bakin kwalba da shi, ya cike ƙarƙashin diddige da shi. Ya saƙa saman takalmi da zaren tukurwa, ya yi da fatar kifi, ya murɗa takardar alawa mai walƙiya ta zama igiya. A 1947 ya yi wani da zaren roba na kamun kifi, in mace ta sa sai ka ce ƙafarta ba komi. Yau takalman nan suna gidan tarihi a Florence.

Da na komo, na ba aji labarin duka. Ba wanda ya yi dariya. Baba ya daɗe shiru, sannan ya ce: "Mushe, shi wannan mutum, da mi ya fi ni?"

Na ce: "Baba, a hannu ban ce ya fi ka ba. Amma duk dabarar da ya yi sai ya zana ta, ya kai hukuma a rubuta da sunanshi. Ya yi haka fiye da sau 300."

Gaskiya ba ita kaɗai ba ce. Shi masu kuɗɗi ke saye gare shi, Baba kuwa talakawa ne abokan cinikinshi. Ban so in yi mishi ƙaryar cewa baƙi da wasali kaɗai za su kai shi Turai. Amma na gaya mishi ko a Habashar nan, wata mace mai suna Bethlehem Tilahun Alemu ta ɗauki takalmin taya na talakawa, ta haɗa shi da saƙar hannu, ta sa mishi suna soleRebels, ta sayar har ƙasashen waje. A nan gida kuma, a 1998, Alphadi ya tara manyan masu ɗinki na duniya cikin hamada kusa da Agadas don su ga aikin Afirka.

Daga nan na sake tsarin darasin Baba. Na bar jimlolin littafi. Muka kama awo. Mai saye shi taka kwali, Baba shi zana ƙafar, shi auna da santimita, shi rubuta lamba da suna da jingina cikin kaye. Mutumin da ya shekara shina rikita 6 da 9, cikin sati 2 ya daina, don in ya rikita fatarshi ce ke ɓaci. Ni na fara saye, jika 3. Na yi damina biyu da shi bisa hanyar ƙauyuka, hanci kaɗai na sake.

Bara kafin salla ya samu aikin ƙafa 30 daga mutanen da ba su ma zo da kansu ba, lamba kawai suka aiko. Ba a yi wata uku ba sai ga irinshi a kasuwar mako, wani ya kwaikwaya, da gam, rabin kuɗɗi. In ya ɓamɓare, Baba ake zagi.

Sai ya roƙe ni in rubuta mishi baƙaƙen farko na sunanshi manya-manya. Ya kai wa maƙeri aka yi mishi hatimi na ƙarfe. Yanzu shina gasa shi cikin garwashi, shi danna bisa maɗauri. Ɗan nashi har yau bai bar zancen babur ba. Amma da marece shi ke riƙe da kayen awo, don ya fi uban saurin rubutu.