Buɗe ko rufe: darasin da filin tseren babur ya koya mini a harkar haɗa shafin intanet

1/ Jama'a ku matso. Yau zan ba ku labarin ranar da na kusa barin sana'ar haɗa shafin intanet gaba ɗaya. Ina zaune a ɗakin jarrabawa a Kano, wasu mutane a Amurka suna ta tsine wa aikina, ko sunana ba su sani ba. Zaren da ɗan tsawo, a yi haƙuri da ni. 🧵

2/ Na fara koyon abin nan lokacin yajin aikin malaman jami'a na 2022. Wata takwas cur muna gida, daga Fabrairu har Oktoba. Yayana ya bar mini tsohuwar laftof ɗinsa, wadda in aka ɗauke wuta ba ta yin minti 20. Da ita da datar dare na koyi HTML da CSS a YouTube, daga baya na shiga WordPress.

3/ Wanda na fara yi wa aiki kawuna ne, tela. Na zage na zuba masa duk abin da na iya: hotuna masu juyawa da kansu, rubutu mai tsalle, da dogon tarihin shago da wani Turanci wanda ni kaina sai da na duba ƙamus. Na kai masa, ya kalla ya ce "Allah ya yi albarka." Bai sake buɗewa ba.

4/ Bayan wata shida na duba adadin masu shiga shafin. Ni ne, sai abokaina biyu da na tilasta wa. Maimakon in tuhumi kaina, sai na ce ai mutanenmu ne ba su waye ba, ba su san darajar intanet ba. Na tattara na buɗe akawun a Fiverr, wai zan nemi waɗanda suka san abin da ake yi.

5/ Wata biyar ko sallama babu. Rannan da asuba sai ga saƙo daga wani dattijo a jihar Texas. Yana da filin motokuros a bayan gari, yana son shafi. Dala 150. Fiverr na cire kashi 20 cikin ɗari, nawa 120 ke nan. Na ce na iya, alhali ban ma san mene ne motokuros ba. 😅

6/ Ga wanda bai sani ba irina: tseren babur ne a filin ƙasa da aka tsara musamman, da tuddai da ake tashi sama a kansu, da kwanoni masu kaifi, da jerin ƙananan tudu kamar kunyoyin gona. A Ingila aka fara shi a 1924, gasar duniya kuma ta soma a 1957.

7/ Baburan ma daban suke da Boxer ɗin da muka saba gani. Ba fitila, ba lamba, ba a hawa titi da su. A bayan a-kori-kura ko tirela ake ɗauko su a kawo fili. Manya na hawa masu cc 250 da 450, yara kuma akwai masu 50 da 65 da 85. Ku riƙe maganar ɗauko su a mota, za mu dawo kanta.

8/ Sannan ƙasar filin sai an yi mata hidima kamar gona. A kafta ta da tarakta, a yi mata ban ruwa don kada ƙura ta rufe ido. Amma in ruwan sama ya yi yawa dole a rufe, don laka na kada mahaya, tayoyi kuma su haƙa ramukan da gyaransu zai ci kwanaki. Yau a buɗe, gobe a rufe, sama ce ke yanke hukunci.

9/ Abin da dattijon ya nema bai fi layi biyar ba: ranakun hawa, kuɗin shiga, taswirar zuwa, takardar da mahayi ke sa hannu cewa ya san haɗarin wasan, da wurin da zai riƙa rubuta ko fili a buɗe yake. Ni kuwa na ce a raina, wannan ai rainin basira ne. Bari in nuna masa.

10/ Na ɗora bidiyon da aka ɗauka daga sama a farkon shafi, na jera hotuna wajen 40. Maganar buɗe ko rufe na tura ta can ƙasa. Ya dawo ya ce shafin ya yi kyau amma ba ya buɗuwa da wuri, don a wajensu sabis ba ƙarfi. Wallahi na yi mamaki. Na zaci matsalar sabis tamu ce mu kaɗai.

11/ Maimakon in rage kaya, sai na sa wata manhaja da ake kira kash. Aikinta shi ne ta ɗauki kwafin shafi ta ajiye, duk wanda ya zo ta miƙa masa kwafin, ba sai an sake haɗa shafin daga farko ba. Kamar a yi hoton sanarwa a riƙa rabawa. Na saita ta riƙa sabunta kwafin bayan awa 24. Shafi ya ɗan yi sauri, aka biya ni.

12/ Sati uku bayan nan, daren wata Juma'a aka kwana ana ruwa a wajensu. Ƙarfe 6 na safiyar Asabar ya shiga ya rubuta cewa fili a rufe yake. Ya duba wayarsa, ya ga ya canza. Abin da bai sani ba, ni ma ban lura ba: mai shafi in ya shiga da makullinsa, sabon yake gani. Sauran jama'a kwafin jiya ake ba su.

13/ Kwafin jiya kuwa cewa yake a buɗe.

14/ Ƙarfe 6 na safe a Texas a lokacin bazararsu, 12 na rana ne a nan. Daidai lokacin da na kashe waya na shiga jarrabawar da aka ɗago mana zuwa Asabar. Da na fito wajen biyu da rabi na kunna, saƙo 14. Na ƙarshen hoto ne kawai: motoci jere da babura a baya, gaban ƙofa a kulle, ga laka ko'ina.

15/ A cikinsu akwai wani uba da ya yi tuƙin awa uku da ɗansa ɗan shekara bakwai. Yaron ya sa kayan hawa tun daga gida. Uban ya nuna wa dattijon wayarsa, ga shi ɓaro-ɓaro shafin na cewa a buɗe. Mutumin da ya yi shekaru yana gina sunansa, na mayar da shi maƙaryaci a safiya ɗaya.

16/ Na samu gindin wata darbejiya na zauna, hannuna na rawa. Ba zan ɓoye muku ba, ƙarya ce ta fara zuwa mini. In ce kamfanin da ke ajiye shafin ne ya samu matsala. Dattijon bai san kan abin ba, da zai yarda. Har na rubuta rabi, na tuna yaron nan da kayan hawansa, na goge.

17/ Na rubuta masa gaskiya: ni na sa manhajar, ni na saita ta, ban gwada da wata waya ba. Na goge tsohon kwafin nan take, na ce zan mayar masa da kuɗinsa. Kuɗin da na riga na zuba a rajistar makaranta fa. Ban san inda zan samo su ba, na dai faɗa.

18/ Sai dare ya amsa. Ya ce kuɗin ba za su mayar wa mutanen nan mansu da safiyarsu ba, in riƙe. Ya ce tambaya ɗaya ce ke kawo mutane shafinsa, suna tsaye a ƙofar gida da makullin mota a hannu. In shafin bai amsa ta daidai ba, gara babu shi. Na karanta saƙon nan ya fi sau goma.

19/ Kwana biyu na yi ina rushe abin da na gina. Bidiyo ya tafi, hotuna suka koma uku. Farkon abin da ido zai gani yanzu layi ɗaya ne da manyan baƙaƙe, kore ko ja, a ƙasansa ranar da lokacin da aka sabunta. Na cire shafin farko daga kash kwata-kwata. Da ya rage nauyi ma bai buƙace ta ba.

20/ Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: ba na cewa aiki ya gama sai na gwada shi a wayar wani. Akwai abokina a hostal mai tsohuwar Tecno da fuskarta ta tsage, kullum datarsa na gargara. In shafi ya buɗe a wayarsa kafin ya fara tsaki, to ya yi.

21/ Abin da ya fi damuna bayan nan shi ne tunanin Kawu. Shekara guda ina cewa bai waye ba. Sai na je shagonsa na zauna Asabar biyu, ban ɗauki laftof ba, kunne kawai na kasa. Duk kiran da ya shigo ina rubuta abin da aka tambaya a bayan littafin darasi.

22/ Kusan duka tambaya uku ce. "Malam kana shago?" "Nawa ne ɗinkin kaftani yanzu?" Sai babbar, da yake azumi ya matso: "Har yanzu kana karɓar ɗinkin sallah?" Ko mutum ɗaya bai tambayi tarihin shago ba. Na ce Kawu, ashe kai ma kana da buɗe da rufe irin na Baturen nan. Ya ce wane Bature kuma? 😂

23/ Ku duba fa, abu ɗaya ne. Mutum ya sayi shadda a Kantin Kwari, ya biya kuɗin adaidaita, ya ratso cunkoso da azumi a bakinsa, ya iso a ce an rufe karɓa. Ko kuma tela ya ji kunya ya karɓa, a zo daren sallah ana rigima. Bambancinsa da uban nan na Texas tsawon hanya ne kawai.

24/ Na sake masa shafi ɗaya tal, da Hausa. A sama: ana karɓar ɗinki ko an rufe, da ranar da wanda ya kawo yau zai samu. Sai farashi, hoton ɗinki shida, taswira, da maɓallin da ke kai mutum WhatsApp ɗinsa kai tsaye. Na koya wa yaron shagonsa yadda zai canza layin saman da wayarsa.

25/ Ba zan ce muku ya yi kuɗi saboda shafi ba, ƙarya ne. Amma ran goma ga azumi ya sa aka mayar da layin ja, ya ɗora a status. Ya ce mini bana ya samu abin da zai nuna wa masu naci ba tare da an ga baƙinsa ba. "Ɗana, abin nan naka ya yi mini maganin jin kunya." Wannan ta fi mini dala 120.

26/ Sauraron nan yana da tsada wani lokaci. Wata Hajiya mai turaren wuta ta kira ni tana son shafi, don wata abokiyar sana'arta ta yi. Na tambaye ta yadda take ciniki. Duk ta WhatsApp da Instagram, masu saye kuma mata ne da ke son su ji muryarta kafin su tura kuɗi.

27/ Na ce Hajiya, gaskiya ba kya buƙatar shafi yanzu. A buɗe miki WhatsApp Business a jera kaya da farashi, a sa ki a taswirar Google, duk kyauta ne. Ta ce to, za ta neme ni. Bayan sati biyu na ga ta ba wani ya yi mata. A lokacin ko kuɗin handawut ba ni da shi. Ya yi mini ciwo, ba zan ce bai yi ba.

28/ Wani abu kuma ga masu shaguna da ke karanta wannan. Sunan shafi haya ne, duk shekara ake sabuntawa, ko .com ne ko .com.ng da ke ƙarƙashin NiRA. Ku tabbatar da sunanku da imel ɗinku aka yi rajista, ba na yaron da ya haɗa muku ba. In kun ɓata ko ya canza layi, shafin ya tafi da shi.

29/ Ni kaina na yi wannan kuskuren da shafin Kawu na farko. Da imel ɗina na yi, saƙon sabuntawa ya zo ina tsakiyar jarrabawa ban gani ba, sunan ya mutu. Allah ya taimaka ba mai shiga. Yanzu duk wanda na yi wa aiki, a takarda nake rubuta masa makullansa in damƙa masa a hannu.

30/ Ga 'yan uwana masu koyo: ku koyi React da duk abin da ake yayi, ba laifi, ni ma ina kai. Amma kafin ku buɗe laftof ku je shagon ku zauna. Ku ji abin da ake kira ana tambaya. Mai gyaran waya a Farm Centre da mai kati a Sabon Gari kowa da tambayarsa, kuma ba a YouTube za ku same ta ba.

31/ Dattijon nan har yau ni ke kula masa da shafi, ya ma haɗa ni da wani mai fili a jihar da ke kusa da su. Ban taɓa ganin babur ɗin motokuros ido da ido ba, keke ma da ƙyar nake juya kwana. Amma duk daren Juma'a sai na duba hasashen yanayin wani ƙauye a Texas kafin in kwanta.

32/ Gobe Asabar, an ce akwai hadari a wajensu. Ƙarfe 12 da minti biyar zan je in ari Tecno ɗin abokina in duba. Masu sana'a a nan, wace tambaya ce aka fi kiran ku a kanta? Ku ajiye a ƙasa, ina karantawa.