Ma'aunin Dutse da Ma'aunin Karkarna

Bayan zaɓen gwamna na ranar 18 ga Maris 2023, wanda Malam Umar Namadi na APC ya kayar da Mustapha Sule Lamido na PDP, na je gida Yankwashi gaisuwar Sallah. Da dare, a ƙofar gidanmu, gardama ta kaure tsakanin kawuna, tsohon ɗan PDP, da ƙanena, wanda bai taɓa jefa ƙuri'a ba sai a ƙarƙashin tsintsiya. Suka ce ni ne malamin jami'a, in raba su.

Kawu ya fara lissafi: a shekaru takwas na Sule Lamido, daga 2007 zuwa 2015, an gina filin jirgin sama a Dutse, an kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa, an shimfiɗa tituna, an kuma riƙa ba naƙasassu alawus duk wata. Ƙanena ya ce Badaru Abubakar, ɗan Babura maƙwabcinmu, ya karɓi mulki lokacin da farashin mai ya faɗi, jihohi da dama suka kasa biyan albashi, amma Jigawa ta biya. Ga kuma noman rukuni. Ba a banza aka laƙaba masa “mai kalkuleta” ba, in ji shi.

Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Abin da ya dame ni shi ne, muna zaune a Yankwashi muna auna gwamnati da awon Dutse. Na tambayi kawu ko ya taɓa shiga jirgi daga filin da yake alfahari da shi. Ya yi dariya, ya ce, “Kai dai ɗan nan, boko ya ɓata ka.” Na tambayi ƙanena ko albashin da aka biya ya sa malami ya tsaya a aji a firamaren da muka yi, inda na leƙa da safiyar ranar na iske aji guda babu rufi, yara a kan tabarma. Ya ce wannan aikin ƙaramar hukuma ne. To, ita ƙaramar hukumar, da hedikwatarta ke Karkarna, a hannun wa take? Gwamnan PDP da na APC duk sun riƙe asusun haɗin gwiwa, kuma a zamanin kowannensu jam'iyyarsa ce ke kwashe kujerun ciyamomi.

Akwai kuma wata matsalar. Kwatanta jam'iyya da jam'iyya na buƙatar a ce mutanen daban ne. Saminu Turaki, ɗan Kazaure, ya ci zaɓe a APP a 1999, ya sauka a 2007 yana PDP. Aikinsa a littafin wa za a rubuta shi? A mazaɓarmu ma, fuskokin da suka zaga da lema su ne daga baya suka zaga da tsintsiya.

Na ce musu ni hukuncina shi ne: Lamido ya fi gini, Badaru ya fi tattali, Namadi kuwa a ba shi lokaci. Amma kafin zaɓe na gaba, mu ƙidaya rijiyoyin burtsatse nawa ke ba da ruwa tsakanin Karkarna da Gwiwa, asibiti nawa ke da ungozoma da dare, da kuma watan da taki ya iso. Kawu ya ce zai riƙe lissafin rijiyoyi, bisa sharaɗin a rubuta shekarar da aka haƙa kowace. Ƙanena ya ce a ƙara da shekarar da ta lalace.