Inda Rani Ya Fi Damina Aiki

Duk wanda ya bar birnin Kano ta hanyar Zariya a watan Janairu, da ya haye gadar Tamburawa zai ga duniya ta canza. Ya baro ƙura da busasshen kara a baya, gabansa kuwa, daga Karfi zuwa Kura da Kadawa, kore ne shar iya ganinsa. Mu mutanen arewacin Katsina mun san rani da zaman gindin bishiya ko tafiya cin rani. A nan, rani ne lokacin da manomi ba ya samun ta kansa.

Ruwan daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Abin da ya fi burge ni shi ne ba inji ke turo shi ba. Gangaren ƙasa kawai yake bi, daga babbar hanyar ruwa zuwa ƙanana, har ya shiga gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, manomi ya buɗe masa bakin kwari da fartanya, in ya ƙoshi ya toshe. Shekara hamsin ke nan ana haka.

Amma ni abin da ya riƙe ni bai wuce abinci ba. A wani gida a Madobi aka kawo mana tuwon shinkafa da miyar taushe, kuma babu abin da ya yi doguwar tafiya kafin ya iso akushin. Shinkafar a Kura aka turara shanshererta, aka shanya, aka kai injin casa. Tumatir da attaruhu da albasa duk na fadamun yankin ne. Maigidan ya ce mini, "Malam, ci da zafinsa, tuwon sabuwar shinkafa ba ya son jira." Gaskiyarsa. Yana da danƙo da ƙamshin da ban taɓa samu a shinkafar waje ba. Washegari aka yi fankasau da garin alkama, ita ma wadda sanyin hunturu ke yi wa daɗi a Kadawa. Tsami-tsaminsa ne ke tare zaƙin kabewar miyar, shi ya sa ba a raba su. Gurasa kuwa ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take so, sai a bi ta da zoɓo mai citta.

Wannan haɗin ƙasa da abinci shi ne Faransawa suka mayar abin tinƙaho. Giyar inabinsu ba abin shanmu ba ce, amma dubi yadda suke kare sunan wuri: tun 1935 doka ta tsara wanda zai iya sa sunan yanki irin Bodo ko Shamfen a kwalbarsa, cukun Rokfo kuma ya samu irin wannan kariya tun 1925. Manomin can sunan garinsu yake sayarwa tare da amfaninsa. A nan kuwa takaici ya kama ni da na tuna yadda wasu 'yan kasuwa ke juye shinkafar gida a buhu mai sunan ƙasar waje don ta yi daraja. Ni dai buhun da aka rubuta wa "Kura" zan fara nema.

Kasuwar Kwanar Gafan ita ce inda za ka ga yawan tumatirin yankin. Kwanduna jere jajur, manyan motoci na lodi zuwa Legas. In kaya suka yi yawa farashi ya faɗi, sai a yanka tumatir a shanya ya zama kauɗa, don ko masana'antar Ɗangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 ba ta ɗauke wa manoma wannan asara ba. Mai son ganin yankin a cikarsa ya je tsakanin Janairu da Maris, kafin a yanke alkama, kuma ya isa kasuwar da sassafe.