Ƙasar Kurfai: tsohon batir ba abin wasa ba ne

Wanda ya taso daga Yamai za shi Filinge yana da tafiyar wajen kilomita 180 a gabansa. Hanya tana bi ta Baleyara, sannan ta miƙe arewa cikin Dallol Boso. Dallol babban kwari ne. A zamanin da, gulbi ne ke gudu cikinsa. Yau yashi ne, da gawo, da goriba, da gonakin hatsi da wake, ga tsaunuka a gefe. Nan ce ƙasar Kurfayawa. Shikal shi ne babban garin karkarar Kurfai ta Tsakiya. Arewa da Filinge akwai Tukunus, inda gwamnati ke kiwon shanun Azawak.

Arzikin dallol yana ƙarƙashin ƙasa. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. A cikin kwarin, maganar gaskiya ce. Wurare da dama rijiya ba ta da zurfi. Da ita mutane ke sha, da ita bisashe ke sha, da ita ake noman rani. To amma ruwan da ke kusa da hannu, kusa yake da juji. Abin da aka yar bisa yashi, ruwan damana yana iya kai shi ƙasa.

Kasuwar Lahadi

Ran Lahadi kasuwar Filinge ke ci. Manoma su zo da hatsi. Fulani da Buzaye su zo da shanu, da awaki, da raƙuma. Kusa da rumfunan gishiri da goro, akwai tebura cike da tocila, da rediyo, da salula, da faifan hasken rana da batirinsa. Ga mai gyaran waya, ga mai sa caji.

Kayan nan ba su zo dare ɗaya ba. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo a Nijar, pil ya shiga ƙauyuka. A shekarun 1980 wasu garuruwa suka samu talabijin mai aiki da hasken rana. Salula ta bazu bayan shekara ta 2000. Amfaninsu ba a ɓoye yake ba. Makiyayi yana jin kuɗin sa kafin ya taka kasuwa. Ɗan ci-rani yana aiko wa gida kuɗi ta waya.

Sai dai kowane ɗayansu yana da ranar mutuwa. Ƙwarya in ta fashe, ƙasa ta cinye ta. Batir in ya mutu, ƙasa ba ta cin shi.

Mi ke cikin batir?

Babban batir na mota, na babur ko na hasken rana yana da abu biyu masu cuta: darma da ruwan batir. Ruwan yana ƙona fata, yana makantar da ido. Darma kuwa guba ce mai cuta a ɓoye. Ƙurarta tana shiga ta baki da hanci. Yara ƙanana ta fi kamawa. Tana kawo ciwon ciki, da ƙarancin jini, da jijjiga. Tana dushe basirar yaro, ko ya girma ba ta dawowa. Mace mai ciki tana iya ba ɗan cikinta.

Bisashe ma ba su tsira ba. Saniya tana son lasa. In ta tarar da fasasshen batir a makiyaya, sai ta lashe shi. Daga baya a ga tana dalala, tana cizon haƙora, tana karo da itace kamar makauniya, har ta faɗi. Batirin salula kuma, in ya shiga wuta, fashewa yake yi. Hayaƙin wayar da ake ƙonawa don a cire jan ƙarfe yana ɓata huhu.

Abin ya taɓa faruwa. A Caroy, kusa da Dakar a ƙasar Senegal, mutanen wata unguwa sun riƙa fasa tsofaffin batura suna tankaɗe ƙasa don su sayar da darma. Tsakanin 2007 da 2008 yara 18 suka rasu. A jihar Zamfara ta Najeriya, a 2010, ƙurar darma daga dutsen zinariya da ake daka cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400.

Mi doka ta ce?

A 1988 wani jirgin ruwa daga Italiya ya jibge gangunan guba a garin Koko na Najeriya. Afirka ta fusata. A 1989 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Basel kan safarar shara mai guba. A 1991 ƙasashen Afirka suka ƙulla tasu a Bamako, suka hana shigo da irin wanga shara daga waje. Nijar tana cikin duka biyu. A 1998 kuma ta kafa babbar dokarta ta kare muhalli.

Duk da haka sharar tana ƙaruwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2022 duniya ta yar da tan miliyan 62 na matattun kayan lantarki. Abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Doka tana iya tare mota a kan iyaka. Ba ta iya tsayawa bakin kowace rijiya a Shikal. Wanga aiki na mai gida ne, da mai gari, da mutanen kasuwa.

Abin da ya kamata a yi

Kada a fasa batir a gida. Kada a zubar da ruwansa ƙasa. Kada a narka darma a tukunyar abinci. A aje mataccen batir a tsaye, cikin inuwa, nesa da rumbu da turke, inda yaro ba ya kaiwa. A maida shi ga mai sayarwa ko mai sayen tsofaffin ƙarafa yadda yake, da murfinsa. Ƙananan pil a tara su cikin gwangwani mai marfi, kada a ba yara su yi mota da su, kada a zuba su cikin takin da za a kai gona. Wanda ya taɓa batir ya wanke hannu da sabulu kafin cin tuwo.

In yaro ya kama jijjiga, a gaggauta kai shi likita, a faɗa in ya yi wasa da batir. In dabba ta nuna alama, a kira malamin dabbobi, a daina shan nononta.

Mai gari da dattawa suna iya keɓe wuri ɗaya mai rufi, can bisa tudu, nesa da rijiyoyi, don tara kayan. Kakannin Kurfayawa sun bar ma ɗiyansu ruwa mai daɗi cikin dallol. Hakkin na yanzu ne su bar ma na baya irinsa.